Tsanin da ba a rubuta ba: yadda aka koyi waƙa a ƙasar Narambaɗa

Yaron da ke Shinkafi a yau, in ya so ya koyi ilimin kiɗa, abin da zai samu a wayarsa kusan iri ɗaya ne duk inda ya duba: bidiyon wani Bature ko Ba'indiye a gaban fiyano, yana nuna masa do, re, mi, da Turanci. Alhali ba nisa da inda yake zaune, a Tubali, aka haifi Ibrahim Narambaɗa, makaɗin kotso na Sarkin Gobir Amadu na Isa, mai Bakandamiya, wanda ya rasu wajen 1960 amma har gobe ana sauraron sa a shagon caji da cikin motar haya. A Zurmi an yi Kassu, mawaƙin 'yan tauri. In ka gangara kudu kaɗan, ga Maradun ta Musa Ɗanƙwairo, ga Faru ta Sa'idu Faru. Yankin da ya fitar da irin waɗannan mutane ba zai rasa ilimin kiɗa ba. Tambayar ita ce, ina aka ajiye shi, kuma me ya sa wanda ke son koyo yau yake samun na kowa sai nasu?

Kafin tarihi, bari mu ɗan taɓa fiziks, domin sai da shi maganar za ta zauna.

Sauti karkarwa ce. In tsarkiyar goge ta karkaɗa sau 440 a cikin daƙiƙa guda, kunne zai ji wani sauti. In ka danne ta a daidai tsakiya, rabinta kawai ke motsi, sai karkarwar ta koma 880. Kunnen ɗan Adam na jin wannan sauti na biyu tamkar na farko ne ya hau sama, kamar yadda uba da ƙaramin ɗansa ke rera waƙa ɗaya, muryar yaron na sama, amma ba wanda zai ce sun saɓa. Wannan tazara, daga sauti zuwa wanda ya ninka shi, mu kira ta ninki. Tsakanin 440 da 880 akwai sautuka ba iyaka. Kowace al'umma tana tsintar kaɗan daga ciki, biyar ko bakwai ko fiye, ta riƙa takawa a kansu in za ta yi waƙa. Waɗannan matakai su ne nake kira tsanin sauti a wannan rubutu.

Sai abu na biyu. Ko da matakan iri ɗaya ne, waƙa tana da inda take sauka ta huta, wato masaukinta. Ɗauki matakai biyar: do, re, mi, so, la. In waƙa ta riƙa komawa kan do, ji ɗaya za ta ba ka. In ta riƙa komawa kan la, matakan ba su canja ba, amma jerin tazarar da kunne ke bi daga masauki ya canja, sai ka ji waƙar ta yi wani irin nauyi. Matakai biyar na ba da masauki biyar. Larabawa sun ɗauki wannan tunani sun faɗaɗa shi ƙwarai, suka kira shi maƙami; Indiyawa na da raga. Masu nazarin kiɗan Hausa sun daɗe suna cewa yawancin waƙoƙinmu na gargajiya a kan tsani mai matakai biyar suke tafiya. Sai dai cewa "biyar" bai gama magana ba, domin biyar ɗin wani ba ita ce biyar ɗin wani ba.

Wanda ya fara nuna haka da lissafi wani Bature ne ɗan Ingila, Alexander Ellis, a 1885. Ya raba ninki gida 1200, ya kira kowane gida senti (ba santin tuwo ba), ya auna kayan kiɗa na ƙasashe daban-daban, ya ce tsanin sauti ba ɗaya ba ne a duniya, kuma ba halitta ta tilasta shi ba, mutane ke zaɓen sa. A fiyano kowane mataki senti 100 ne cif, guda 12. Do, re, mi, so, la na fiyano suna tafiya ne 200, 200, 300, 200, 300. A Java ta ƙasar Indonesiya kuwa akwai tsani mai matakai biyar da tazararsa ta kusa zama daidai wa daida, wajen 240 kowace. Balafon na Mandinkawa a Gini na da matakai bakwai masu kusan tazara ɗaya, wajen 171. Ba ɗaya daga cikin biyun nan da fiyano zai iya bugawa daidai. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Makarantar da ba ta da allo

A ƙasar Gobir da Zamfara kiɗan fada gado ne, kuma yana da tsarin koyo wanda in da a takarda yake da mun kira shi manhaja. Yaro na farawa ne da ɗaukar kaya. Yana bin ƙungiya ƙofar fada, gidan biki, hawan salla, yana ji. Daga nan a miƙa masa ƙaramar ganga, irin kanzagi, wadda aikinta riƙe bugu ɗaya ba tare da kuskure ba, komai daɗewar waƙa. Sai ya shiga amshi. Nan ne ainihin ajin tsanin sauti, duk da ba wanda ya taɓa kiran sa haka: ɗan amshi dole ya sauke gindin waƙa a daidai inda sauran suka sauke, a kan sauti ɗaya, sau ɗari in ta kama. In ya kauce, harara ta ishe shi gyara. Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, haka ya taso, yana amshi a ƙungiyar mahaifinsa, sannan a ƙarƙashin yayansa Kurna, kafin ya zama jagora.

Kuma amshin makaɗan fada na wannan yanki ba maimaici kawai ba ne. Saurari Narambaɗa ko Sa'idu Faru da kyau. Jagora zai ɗauko layi ya sake shi a tsakiya, 'yan amshi su cafe su ƙarasa, wani lokaci su ƙara nasu, sannan duka su faɗa kan gindi tare. Wanda zai ƙarasa layin da wani ya fara dole ya san inda muryar ta dosa tun kafin ta isa. Wato ya san tsanin, ya san masaukin. Abin da ɗalibin makarantar kiɗa a Jamus ke koyo da takarda da fensir, ɗan amshi na koyon sa da maƙogwaro a cikin shekaru.

Akwai wani malami na biyu a wannan makaranta, shi ne harshen Hausa kansa. Hausa na da karin sauti: sama, ƙasa, da faɗau. Kukan yaro da kukar miya ba a furta su da murya ɗaya. A "kuka" ta farko gaɓoɓin biyu duk sama suke, a ta biyu gaɓar ƙarshe ta sauka. Ban da haka, a cikin jimla doguwa muryar Bahaushe gangarowa take yi, duk sautin sama da ya biyo bayan na ƙasa ba ya kai tsayin na baya. Mawaƙi bai da 'yancin ya yi watsi da wannan gaba ɗaya, in ba haka ba kirarin sarki ya koma wata magana. Shi ya sa layukan waƙar baka da yawa ke farawa can sama su gangaro zuwa masauki. A 1972 wani mai bincike, Paul Richards, ya zauna ya ƙirga gaɓa-gaɓa yadda hawa da saukar wata waƙar Hausa ke bin karin sautin kalmominta, daga baya masanin harshe William Leben ya sake duba batun. A ganina duk littafin koyon kiɗa da za a rubuta wa Bahaushe wanda bai fara daga nan ba, ya fara daga tsakiya.

Kayan kiɗan ma suna ɗauke da nasu darasi. Kotso da kalangu ganguna ne masu tsarkiya a jiki. In makaɗi ya matse da hannu, fata ta ƙara ɗamewa, sauti ya hau, in ya saki ya sauka. Ba matakai a ciki, zamewa ce, shi ya sa gangar ke iya kwaikwayon magana ta buga take, mai taken ya ji daga nesa ya san da shi ake. Ɗan danƙon da ake liƙawa a tsakiyar fatar kotso da taushi yana ƙara mata nauyi, sautin ya yi ƙasa. A 1920 C. V. Raman, masanin fiziks na Indiya da ya ci kyautar Nobel daga baya, ya nuna cewa irin wannan nauyi a tsakiyar fatar gangunan ƙasarsu shi ke daidaita amonsu har su ba da sauti tsayayye kamar na tsarkiya. Kakaki kuma dogon bututu ne marar huda, saboda haka sautukan da tsawonsa ya yarda da su kawai yake bayarwa. Manyan sautukansa biyu suna da tazarar da ta yi kusa da 3 bisa 2, wadda ake jingina gano ta ga Fisagoras na Girka. Goge ba shi da alama ko ɗaya a wuyansa. Izgar doki ce miƙe, yatsa ya sauka inda kunne ya ce. Tsanin yana kunnen mai gogen, in ya mutu bai bar yaro ba ya tafi da abinsa.

Abin da malamai suka rubuta, da abin da suka bari

Ba rashin rubutu ne ya jawo haka ba. Ƙasar Gobir da Zamfara ta san alƙalami tun kafin jihadin 1804, kuma malamanta sun san wani ilimi mai kama da na kiɗa ƙwarai, wato aruli, ilimin ma'aunin waƙa da Halilu ɗan Ahmad ya tsara a Basra a ƙarni na 8, mai bahari 15, aka ƙara na 16 bayansa. Da shi aka auna waƙoƙin Larabci, aka kuma ɗora rubutattun waƙoƙin Hausa da na Fulatanci a kansa. Ke nan awon gaɓa, doguwa da gajera, ya samu littafi da malami da suna. Hawa da saukar murya bai samu ba.

Larabcin kansa yana da littattafan wannan fanni. Farabi, wanda ya rasu wajen 950, ya rubuta Kitabul Musiƙal Kabir. Safiyyuddin al-Urmawi ya rubuta Kitabul Adwar a Bagadaza a ƙarni na 13, inda ya raba ninki gida 17. Amma karatun zaure a ƙasar Hausa hanyarsa daban: Ahalari, Ishmawi, Iziyya, Risala, Muhtasar, da nahawu da luga da tafsiri. Kiɗa kuwa batu ne na hukunci, wane ya halatta wane bai halatta ba, kamar yadda Shehu Usmanu da almajiransa suka tattauna a rubuce-rubucensu. Veit Erlmann ya tattara waɗannan nassoshi a wani littafi a 1986. Ƙara da matsayin makaɗi a cikin al'umma. Sarki na iya ba shi doki da riga da gona, amma a jerin sana'o'i roƙo na ƙasa, abin da M. G. Smith ya bayyana a maƙalarsa ta 1957 kan maroƙan Hausa. Mai alƙalami da mai kotso suna haɗuwa a ƙofar fada ɗaya, kowa da wurin zamansa. Wanda ya iya rubutu bai ga dalilin rubuta abin da makaɗi ya sani ba, makaɗi kuma bai buƙaci a rubuta masa ba, tunda yana da 'ya'ya da barori da za su gada.

A Turai abin ya bi wata hanya saboda coci na buƙatar dubban mutane su rera abu ɗaya a garuruwa daban-daban. Wani malamin coci a Italiya, Guido na Arezzo, ya tsara rubuta sauti a kan layuka a farkon ƙarni na 11, daga gare shi kuma sunayen da suka zama do, re, mi suka samo asali. A ƙarni na 19 John Curwen ya yaɗa wata sauƙaƙƙiyar hanyar koyar da su a Ingila, 'yan mishan suka ɗauko ta zuwa makarantunsu na Afirka. Shi ya sa ta kafu a kudancin Najeriya da wasu sassan tsakiya, har Jami'ar Nsukka ta buɗe sashen kiɗa a 1961. A lardin Sakkwato, inda aka taƙaita aikin mishan, wannan hanya ba ta yi saiwa ba.

Da boko ya waiwayi waƙar baka, ta ƙofar sashen harshe ya shigo. An yi aiki mai yawa, kuma mai kyau. Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kan Mamman Shata a Jami'ar Indiana a 1975. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya rubuta Jagoran Nazarin Waƙar Baka da Makaɗa da Mawaƙan Hausa, waɗanda kusan duk ɗalibin Hausa ya riƙe. Daga irin wannan aiki muka samu kalmomin nazari: turke, salo, gindi, ɗiya, amshi, ƙari, rauji. Ɗalibi a Sakkwato ko Kano ko Zariya zai iya rubuta maka Bakandamiya ɗa bayan ɗa, ya warware maka kirari da zambo da habaici da Gobirancin da ke ciki. Amma ka tambaye shi matakai nawa muryar Narambaɗa ke takawa a gindin waƙar, da tazarar da ke tsakaninsu, ba a ba shi kayan aikin amsawa ba. Ba laifinsa ba ne. Masanin adabi aka horar.

Waɗanda suka zo da kunnen masanin kiɗa yawanci baƙi ne, kuma manyan birane suka nufa. David Ames ya yi aiki a Zariya, Anthony King a Katsina, suka haɗu suka fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971. Fremont Besmer ya yi nazarin kiɗan fadar Kano da na bori. Erlmann ya yi aiki a Maraɗi. Da Turanci da Jamusanci suka rubuta, yawanci a Amurka da Turai aka buga. Yaron Shinkafi ba zai ci karo da su a kasuwa ba.

Fiyano ya cike gurbin

Daga shekarun 1990, da finafinan Hausa suka bunƙasa a Kano, fiyanon Yamaha ya zama ƙashin bayan situdiyo. Na'ura ɗaya ta maye gurbin ƙungiya guda, ba ruwanka da ciyar da 'yan amshi. Wannan ya buɗe wa dubban matasa ƙofar da gado ya rufe musu, kuma ba abin rainawa ba ne. Sai dai fiyano na zuwa da tsaninsa a ciki: matakai 12, kowane ya fi na ƙasansa karkarwa da kusan kashi 6 cikin 100. Wannan tsari sulhu ne na lissafi, wanda Zhu Zaiyu na ƙasar Sin ya fitar da alƙalumansa a 1584, don a iya fara waƙa daga kowane mataki ba tare da sake ɗaure kayan kiɗa ba. Ko a kiɗan Turawa yana ɗan kauce wa abin da tsarkiya ke bayarwa: tazarar do zuwa mi senti 400 ce a fiyano, ta tsarkiya 386.

Sannan a 1997 manhajar Auto-Tune ta fito, wadda Andy Hildebrand, injiniyan da ya taɓa aikin nazarin girgizar ƙasa don neman man fetur, ya ƙirƙira. Aikinta ta ja murya zuwa mataki mafi kusa a tsanin da aka zaɓa mata. In mawaƙi ya sauke murya a senti 240 ko 350, kamar yadda mai yiwuwa kakansa ke yi, na'ura za ta ɗauka kuskure ne ta gyara masa. Yaron da ya tashi yana jin gyararrun muryoyi kawai, wata rana zai saurari tsohon kaset ya ce tsohon ne ba ya kan layi. Wannan ne ya fi damu na a duk lamarin.

Akwai wata ƙofa ta uku da ba a cika lura da ita ba. Ƙira'a ba kiɗa ba ce, kuma mahaddata ba sa kallon ta haka. Amma tun da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta fara musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa a 1986, ga kuma kaset ɗin Abdulbasiɗ da Minshawi da Husari, matasa da yawa sun koyi sunayen maƙamai: Bayati, Hijazi, Saba, Rasti, Nahawandi. Bayati na da mataki na wajen senti 150, wanda ba ya cikin fiyano na yau da kullum, kuma yaranmu na sauke shi daidai. Wato kunnen yana nan da ransa. Abin lura kawai, matashi a Ƙauran Namoda zai iya ambata maka maƙaman Masar da suna, ya ambata na Turawa, amma na waƙar garinsu sai dai ya rera maka.

Ita kuma tsohuwar makarantar, wadda ta dogara da tafiye-tafiye da taron biki da kasuwa, rashin tsaro ya taɓa ta a jijiya. Ƙungiyar da ba ta iya bin hanyar Shinkafi zuwa Ƙaura da yamma ba ta da inda za ta horar da yaro. A 2021 an rufe kasuwannin mako-mako a Zamfara, a watan Satumba aka katse layukan waya na jihar baki ɗaya. A waɗannan makonni har bidiyon Baturen ma bai samu ba.

Abin da ya rage a hannu shi ne muryoyin da aka naɗa, waɗanda suka bi ta faifai da taskar gidajen rediyo irin na Kaduna, suka koma kaset, yanzu suna cikin memori. Ana iya auna su, kuma kayan awon kyauta ne. Manhajar Praat, wadda Paul Boersma da David Weenink suka rubuta a Jami'ar Amsterdam, masu nazarin harshe sun riga sun saba amfani da ita wajen auna karin sauti. Ita ɗin dai za ta nuna maka karkarwar muryar mawaƙi daƙiƙa bayan daƙiƙa. Ɗalibin lantarki a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, wadda aka kafa a 1983, ya san lissafin da ake buƙata. Sai ya nemi wuraren da aka ja wasali aka tsaya a kansa, musamman ƙarshen gindi, ya guji inda bugun kotso ya rufe murya, ya tara awo ɗari biyu ko uku daga waƙa ɗaya, ya mayar da su senti daga masauki, ya ga inda suka taru. Inda suka taru, nan matakan suke. Zai buƙaci ɗalibin Hausa a gefensa da zai gaya masa karin sautin kowace gaɓa, da kuma tsohon ɗan amshi, in an dace da shi, da zai ce wannan saukar daidai ce, waccan gajiya ce.

Matsala ɗaya da za a ci karo da ita ita ce gudun kaset. In rikodar da aka kwafa da ita ta fi ƙa'ida sauri da kashi 3 cikin 100, duk muryar za ta hau da kusan senti 51, rabin matakin fiyano ke nan. Saboda haka ba za a ce Narambaɗa ya fara waƙa kaza a kan karkarwa kaza ba. Amma da yake saurin yana ninka kowane sauti da adadi ɗaya, tazarar da ke tsakanin matakai ba ta canjawa, kuma ita ake nema. Kwafin da za a ajiye gefe shi ne wanda aka naɗa da batir mai mutuwa, inda gudun ke raguwa yana ƙaruwa a tsakiyar waƙa; ana gane shi in aka ji sautin kotson ma yana lilo tare da muryar.